Lissafin Bayan Rumbu

Na san abin da aka gaya muku. Ba sai kun sunkuyar da kai ba, Nasiru, kai da ƙanwarka Hadiza, don tun kuna ƙanana nake karanta maganar a fuskokinku duk lokacin da kuka dawo hutu daga Lolo. An ce muku uwarku ba ta yi wa ubanku takaba ba. An ce tana cikin takabar aka kama ta tana bugun ƙasa a bayan rumbu, kuma kafin kwanakin su cika ta saɓi jaka ta tafi Birnin Kebbi. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa tanka muku ba, don a lokacin ina ganin ƙasƙanci ne uwa ta tsaya wanke kanta a gaban 'ya'yan da ta haifa. Yanzu gwiwa ta fara yi mini gardama, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma sun kusa ƙarewa. Gara ku ji daga bakina. Amma ku sani tun yanzu, bayani zan yi muku, ba haƙuri zan ba kowa ba.

A shekarar da babanku Garba ya rasu ina aiki a sashen gona na ƙaramar hukuma, an ɗora ni a kan ƙungiyoyin mata masu turara shinkafa. Matan nan su jiƙa, su turara, su shanya, su kai inji, hayaƙi ya cinye musu ido, sannan ranar kasuwar Lolo wani ya tsallako daga Benin ko ya taso daga kudu ya yanka musu farashin da ya ga dama. Ni kuwa abin da na iya shi ne faɗa. In na shiga kasuwa dillalai har canza layi suke yi. Babanku da kansa fataucin shinkafa yake yi tsakaninmu da tsallaken iyaka, ya san su ciki da bai, kuma dariya yake yi mini in na dawo gida ina huci. Wata rana ya bar ni na gama zazzage masa, sannan ya ce:

"Kulu, hwaɗan baki kin iya shi, ba wanda ya kai ki. Tahi ki koyo wanda aka yi da takarda."

Shi ya samo mini labarin makarantar koyon harkokin kasuwanci, inda ake digiri na biyu. Wurin aiki suka amince za su sake ni in tafi karatu, amma a wannan shekarar kaɗai, don in ta wuce shekaruna sun haura iyakar da suka sa. Sharaɗin makarantar kuma sai an ci jarrabawar shiga, wadda ake yi a kwamfuta, rabinta lissafi ne, kuma ba a shiga da kalkuleta. Rabona da irin wannan lissafi tun ina budurwa. Babanku ya sayo mini littattafai biyu daga Sakkwato, kowanne ya kai kaurin bulo, ya ajiye su a ɗakinsa don can ne akwai tebur, kuma can ne hannunki ba ya kaiwa, Hadiza, don a lokacin ba takardar da take tsira daga gare ki. Mun fara kenan, yana riƙe mini agogo yana tsokanata, sai ya dawo daga kasuwa da ciwon kai. Bai yi mako a kwance ba.

Gidanmu na Lolo kun san shi, babban gida ne. Baffanku Sani, wan babanku, shi ne babba a maza. Ga Gwaggonku Tumba, yayarsu, wadda ta dawo gida da zama tun rasuwar mijinta. Ga kuma Inna, kakarku. Ku riƙe wannan da kyau: ni da Inna ba mu taɓa samun saɓani ba. Shekaru masu yawa muna gida ɗaya, tuwona take ci, ni nake yi mata kitso, in ta samu kifi mai kyau ni take ɓoye wa. Ina sonta, kuma ba don kunya nake faɗa ba.

Ranar da aka yi sadakar uku Baffanku ya sa kwaɗo a ɗakin babanku, kamar yadda ake yi, ba a taɓa komai na mamaci sai an zo rabon gado. Rabon kuma aka ce sai an yanke shinkafar da ke gona, watau bayan damina. Ban ko lura ba a lokacin. Kwana arba'in ɗin farko ban san inda kaina yake ba. Ina zaune a tabarma da zane ɗaya, ba kwalli, ba turare, wanka da kitso sai Juma'a, ga 'yar wuƙar da tsofaffi suke ba mai takaba ta riƙe duk inda za ta. Sai bayan arba'in ƙanwata Rabi ta kira ni daga Sakkwato ta tuna mini cewa ranar jarrabawa tana nan tafe, kuma ba ta san an yi mutuwa ba. Na lissafa, na ga ranar za ta faɗo takabata saura ƙasa da mako biyu ta cika. Na ajiye wannan matsalar a gefe, na tunkari ta gabana. Da Baffanku ya shigo gaishe da Inna na tare shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Yaya, littattahaina na cikin ɗakin ga."

"Wa ya saye su?"

"Shi."

"To kayan mamaci na. Sai an yi rabo."

Ba zan ce mugunta ya yi ba. Haka ya tarar ana yi, kuma Baffanku mutum ne da ko ruwa zai sha sai ya tambayi yadda na da suka sha. Amma na ji haushi har wuya. Rabi ta nemo irin littafin a can, ta riƙa ɗaukar hoton shafuka tana turo mini ta waya. Na karɓi littafin rubutunka na makaranta, Nasiru, na fara aiki a ɗaki. Kwana biyu na yi. Mata masu zuwa gaisuwa suka riƙa kallon biron da ke hannuna kamar na riƙe sigari. A rana ta uku Gwaggonku Tumba ta zare shi daga yatsuna a gaban baƙi, ta ce aikin ofis ba ya shiga ɗakin takaba. Na bar mata shi. Mai takaba ba ta ɗaga murya, kuma ita ma ta san da haka, shi ya sa ta yi.

To ga inda rumbu ya shigo. A gidan nan layin wayarmu na Najeriya ba ya kamawa sai ya ga dama. Layin Benin ne mai ƙarfi, kowa a Lolo yana da shi, shi ma kuma a duk faɗin gidan ba inda yake sauke hoto sai bayan rumbun Inna, ta wajen katangar yamma. A wurin akwai ragowar rairayin da aka yi gini da shi, mai laushi. Kullum bayan azahar, in gida ya yi shiru, sai in zagaya can in jira shafi ya sauka. Ranar farko na tsaya ina kallon tambaya, ba biro ba takarda, sai na ga wuƙa a hannuna, ga rairayi a gabana. Na durƙusa na ja layi. Ban taɓa samun allo mai daɗin wannan ba. In na yi kuskure in shafe da tafin ƙafa, in na ji motsi ma in shafe.

Tambayoyin nan, wanda ya tsara su bai taɓa zuwa Bagudo ba. Jirgin ƙasa ya tashi daga wani gari, wani ya taso daga wani garin, yaushe za su haɗu? Ni da ban taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a talabijin. Sai na riƙa mayar da su gida. Jiragen ƙasa su zama 'yan kabu-kabu biyu, ɗaya daga Kende ɗaya daga Bagudo. Famfo biyu masu cika tanki su zama mata biyu masu cika randa, ɗaya mai zafin nama ɗaya kuma irin Gwaggonku. Da haka kaina ya fara buɗewa. Na sake koyon alwatika da da'ira, na haddace abin da ya kamata a haddace, na gano cewa yawancin tambayoyin ba wuya gare su ba, tarko gare su. Akwai wani iri da ya fi ba ni wahala, wanda ba amsa ake nema ba. Za a ba ka tambaya, a ba ka bayani biyu, a ce ka faɗa ko bayanin ya isa a yanke hukunci ko bai isa ba. Nan na fi faɗuwa, don ni mace ce mai saurin yanke hukunci. Na sha wuya kafin na koyi cewa bai isa ba ita ma amsa ce. Da mutanen gidanmu za su zauna wannan ɓangaren, ba wanda zai kai labari.

Wata rana shafi ya sauka da tambayar shekaru. Wai wani mutum yana da ɗa, shekarunsa sun ninka na ɗan sau huɗu, bayan shekara goma kuma za su ninka sau kaza, nawa ne shekarun kowannensu? Na zana gidaje huɗu, uba da ɗa, yanzu da bayan shekara goma. Na cika na ɗan. Da na zo gidan uban na bayan shekara goma sai hannuna ya tsaya. Na ji kaina ina cewa a fili, wa ya ba shi tabbacin shekara goman? Wa ya ce masa zai kai? Kukan da ban yi ba a gaban mutane, don an ce mai takaba ta yi haƙuri, shi ya zo mini a wurin nan gaba ɗaya. Ina durƙushe ina kuka ina magana da zane, wuƙa a hannu, sai na ji takun mutum. Na shafe da ƙafa kamar yadda na saba. Na ɗago na ga bayan Gwaggonku Tumba tana sauri.

Washegari bayan la'asar aka kira ni tsakar gida. Baffanku yana kan kujera, Inna tana bakin ƙofarta, ga Limamin unguwarmu an ɗauko shi, dattijo ne da ya yi wa babanku salla. Gwaggonku ta miƙe kamar mai ba da shaida a kotu.

"Na gani da idona, Malam. Hatimi ta zana, gida-gida, da lambobi ciki. Tana yi mai magana tana kuka. Da taj ji tahiyata sai tas share da ƙahwa. Kuma ba jiya taf fara ba, kullum can take."

Baffanku bai dube ni ba. Ƙasa yake kallo da ya ce:

"Garba dai lahiya lau yat tahi kasuwa. Ba mu ce komi ba. Amma ki hwaɗa muna, mi kika nema ga ƙasa?"

Kun ji inda maganar ta dosa. Matar da take bugun ƙasa a ɓoye, mijinta ya mutu ba dogon ciwo. Ko dai tana duba wanda za ta aura, ko kuma tana da hannu a abin da ya faru. Na miƙe. Na ce musu su biyo ni. Na wuce gaba, suka bi ni har bayan rumbu, Liman yana dogara sanda. Na buɗe waya, na zaɓi tambayar da ta fi kama da abin da Gwaggonku ta gani. Na karanta da Turanci, na mayar musu da Hausa: 'yan kasuwa ne a wata kasuwa, wasu suna sayar da shinkafa, wasu albasa, wasu duka biyun, ana so a san nawa ne ba sa sayar da ko ɗaya. Na durƙusa na zana gidajen, na zuba lambobin ɗaya bayan ɗaya ina faɗar dalilin kowace. Liman ya tsuguna kusa da ni, ya bi layin da bakin sandarsa, har ya riga ni faɗar lambar gida na ƙarshe.

"Wanga ba hatimi ba na, Sani. Hisabi na. Mu ma da irin shi muka raba gado."

Gwaggonku ba ta saduda ba.

"To kukan hwa?"

"Mijina yam mutu, Yaya Tumba," na ce mata. "Ko shi ma sai na nemi izini?"

Ba wanda ya ba ni haƙuri, ban kuma jira ba. Tunda an tara mini mutane, na ga gara in sauke kayan gaba ɗaya. Na gaya wa Liman ranar jarrabawa, da inda za a yi, da cewa in ta wuce ni ta wuce har abada. Na ce ya faɗa mini abin da shari'a ta ce, ba abin da mutanen gari suka ce ba. Ya shafa gemu. Sannan ya ce mai takaba tana iya fita da rana saboda buƙatar da za ta kuɓuce mata, ba ado ba ƙamshi, amma tilas ta kwana a gidan mijinta, ko dare ɗaya kada ta yi a waje. Baffanku ya yi wata 'yar dariya.

"Birnin Kebbi, zuwa da dawowa yini guda, ruwa ya cika haka? To mu gani."

Da a nan maganar ta tsaya, da ban tara ku ina wannan bayanin ba. Baffanku da Gwaggonku ba su taɓa hana ni barci ba. Inna ce. Duk zaman nan ba ta ce komai ba. Sai ana gobe zan tafi ta aika a kira ni ɗakinta da hantsi. Na same ta tana ɓarar gyaɗa, ta tura mini kwaryar, muka yi ta ɓara tare kamar yadda muka saba. Sai ta ce:

"Kulu, ban taɓa yarda da zancen Tumba ba. Na san ki."

"Na sani, Inna."

"Liman ya hwaɗi nashi, ban ja da shi ba. Ni roƙo nika yi. Da uban su Garba yar rasu ko zaure ban taka ba har nig gama. Ban san boko ba, ban san hisabi ba. Abin da nis sani, in kinka hita gobe, garin ga cewa za su yi ɗana bai kai a zamna mai ba."

"Inna, shi yas sa ni. Shi yas sawo littattahan."

"Shi ya tahi. Ni ad da rai, ni ka jin abin da za a ce."

Ban taɓa jin magana ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Ba umarni ta ba ni ba, da umarni ne da ya fi mini sauƙi. Tsohuwa ce da ta binne ɗanta take roƙon a bar mata mutuncinsa. Na dube ta, na tuna ku biyu, na tuna cewa in na zauna, sauran rayuwata a ƙarƙashin kwaɗon Baffanku zan yi ta, ina neman izini kafin in taɓa abin da yake nawa. Na kuma san ba kwana goma Inna take roƙo ba, ko da ita haka take gani. Na ce mata zan tafi, kuma zan kwana a ɗakina da yardar Allah. Ta janye kwaryar gyaɗar zuwa gabanta. Na zauna kaɗan, na ga ba sauran magana, na tashi.

Rabi ta iso tun ranar don ta raka ni. Muna idar da sallar asuba muka fita. Hanyar mota ta gada doguwa ce, ba za ta kai mu a kan lokaci ba, sai muka nufi bakin kogi don mu ƙetare mu kama hanyar Kamba. Zanen takabar nan ne a jikina, ya koɗe, da hijabi ba guga. A bakin ruwa akwai mata masu kai kaya da suka san ni sarai, waɗanda na sha yi wa faɗa da dillalai. Ɗaya ta buɗe baki za ta gaishe ni, ta tuna, ta juya tana gyara ɗaurin buhu. Ruwa ya cika ya yi ja, jirgin fiton da muka shiga yana tafiya a karkace. Ban ji tsoro ba, sai dai kaina yana ta juya maganar Inna har muka sauka.

A wurin jarrabawar yawanci samari ne ma'aikatan banki, da 'yan mata masu ƙamshi, ni kaɗai ce kamar wadda ta zo neman taimako. Wata mata mai gadi tana binciken jaka a ƙofa. Ta zura hannu a tawa ta zaro wuƙa. Ta ja da baya tana neman wanda za ta kira.

"Hajiya, wagga hwa?"

"Takaba nika yi."

Ta dubi fuskata ba kwalli, ta dubi zanen. Sai ta sassauta.

"Allah shi jiƙan shi. Shiga, ina riƙe miki."

Aka zaunar da ni gaban kwamfuta, aka ba ni takardar yin aiki da biro. Biron ya yi mini sakayau a hannu, na saba da nauyin ƙarfe. Tambayoyin farko na ji kamar ban taɓa ganin lamba ba. Sai ga wata ta magudanai biyu masu cika tanki, na ce a raina, ga matan randa sun zo, daga nan hannuna ya saki. Ba zan yi muku ƙarya in ce na cinye ba. Wasu na san su, wasu na yi kokawa da su, na ƙarshe-ƙarshe kuwa lokaci ya kure na zaɓa da bismilla. Ana cewa an gama na miƙe, na karɓi wuƙata, ko ruwa ban tsaya sha ba.

Dawowar ce ta kusa kayar da ni. Direban motar da muka shiga ya tsaya lodin albasa, ya tsaya gaisawa da surukinsa, hadari ya taso ya sa shi tafiyar hawainiya. Rabi tana ta yi masa masifa, ni kuwa rana kawai nake kallo tana sauka. Da muka iso bakin kogi ranar ta yi ja, jirgin ƙarshe ya cika da babura da buhuna, har an ture shi daga gaɓa. Masu jirgi ba sa ƙetarewa in duhu ya shiga a irin wannan ruwa. Na shiga ruwan har gwiwa. Ranar ce kaɗai na ɗaga murya a duk takabata.

"Mai jirgi! Ni matar Garba ta, mai shinkahwa. Takaba nika yi, tilas in kwana gidanai."

Mutumin ya san babanku, ya sha ɗaukar masa kaya. Ya dawo da jirgin, ya sa aka matsa mana wuri a kan buhuna, muka ƙetare. Ana kiran magariba na sa ƙafa a zauren gidan. Baffanku yana alwala, ya ɗago ya gan ni, ya ci gaba da wanke ƙafarsa. Inna tana bakin ƙofarta da buta. Na yi sallama, ta amsa, don amsa sallama wajibi ce. Ba ta ƙara ko kalma ɗaya a kai ba. Na shiga ɗakina da jiƙaƙƙen zane na kwana, na kuma cika sauran kwanakina cif, ban rage ko ɗaya ba. Duk wanda ya ce muku ban yi wa ubanku takaba ba, ku tambaye shi daren da na kwana a waje.

Na ci jarrabawar, ba da wani maki na a zo a gani ba, amma na ci. Sauran kun san shi, don a cikinsa kuka girma: shekarun da kuka yi a wurin Rabi ina makaranta, komawarmu Bagudo, da injin da matan nan suka kafa nasu na kansu har dillalai suka koma bin su gida. Littattafan nan biyu kuwa da aka zo rabo a kasonka suka faɗa, Nasiru, ban taɓa tambayarka inda ka kai su ba. Maganar bugun ƙasa Liman ya kashe ta a bayan rumbu, amma ta riga ta fita gari, kuma ƙaryar ta fi gaskiyar daɗin faɗa, shi ya sa har ta iso kunnenku.

Inna ta rayu shekaru bayan haka. Ban taɓa daina zuwa gaishe ta ba. In na kai mata abinci ta ce an gode, ta miƙa wa jikoki. In na ce zan yi mata kitso ta ce an riga an yi. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa faɗar aibina ga kowa ba, ku kuma ta so ku kamar ranta. Ni kaɗai ta rufe wa ƙofa, a hankali, ba ƙara. Na yi ta jiran ranar da za ta huce, ina cewa in ta ga abin da karatun ya haifar za ta gane. Ta gani, ba ta gane ba, ko kuma ta gane amma ba shi ne damuwarta ba. Da ciwon ajali ya kama ta na bar aiki na zo na zauna. Ranar da ta cika, mata suka taru za a yi mata wanka, na naɗe hannun riga na nufi ɗakin. Gwaggonku Tumba ta tsaya a ƙofa. Wannan karon ba da gadara ta yi magana ba, ita ma kunya take ji.

"Ta bar wasiyya, Kulu. Ta hwaɗi waɗanda za su wanke ta. Tac ce ban da ke."

Ya yi mini ciwo, har yau yana yi, kuma ba na tsammanin zai daina. Wannan shi ne kuɗin jarrabawata na gaskiya, na biya shi, ban kuma ce an zalunce ni ba, don ta roƙe ni na ƙi. Amma kada ku ɗauka nadama nake yi. Da za a mayar da ni ɗakinta a wancan hantsin, amsar da na ba ta ita zan sake ba ta.

Ban yi gardama da Gwaggonku ba. Na sauke hannun rigata na koma tsakar gida. Wasiyyar hannuna ta hana, ba ta ce komai a kan ruwa ba. Na ɗauki guga na je rijiya na jawo, na hura wuta na ɗumama shi daidai yadda take so, don ba ta son mai zafi sosai. Na kai bakin ƙofa na ajiye, na koma gefe na zauna. Can Gwaggonku ta leƙo, ta ga bokitin, ta dube ni, ta ɗauka ta shiga da shi.